Motar da Ba Ta Yi wa Haliru Sallama Ba

Shekaru sun haura ashirin ina faɗar magana ɗaya a garin Rano, har yara sun haddace ta suna kwaikwayona da ita a bakin kasuwa: marigayi Alhaji Saminu ya ba ni jar motarsa kyauta, da bakinsa, yana cikin hankalinsa, magadansa suka hana ni. Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a wajen ɗaurin aure, na faɗa har a zaman makoki inda bai kamata ba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ba ni amsa. Sai dai a ce, "Baba Ramalan, a yi haƙuri," a wuce. Mutum ɗaya ne tak yake wurin ranar da aka yi kyautar nan, kuma bai taɓa janye shaidarsa ba. Shi muka kai makwancinsa.

Malam Haliru na rugar Kahu ya rasu ranar Asabar, goma sha uku ga watan Rabi'ul Awwal, bayan la'asar. Mota ce ta buge shi a kan kwaltar da ta tashi daga Rano zuwa Kibiya, daidai inda burtali ya ratsa ta. Allah ne ya ba mu aronsa, shi ya karɓi abinsa, mu ma muna hanya. Wannan ba ni da ja a kai. Abin da nake ja a kai shi ne maganar da ake yaɗawa tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe, wai tsufa ne ya rikita shi, wai makaho ne ya faɗa titi da kansa. Ƙarya ne. Ni ban yi boko ba, 'yata Huseina ce ke riƙe da alƙalami, kuma na ce mata duk kalmar da ta sassauta ban yafe ba.

Haliru, da faɗa muka san juna, ka tuna. Ina direban Alhaji Saminu lokacin da ya kawo motar nan daga Ikko. Ba a taɓa ganin irinta a ƙasar Rano ba. Ja wur, ƙofa biyu, dogon hanci, ga ta ƙasa ƙasa kamar ta kwanta a kan titi, salansa biyu a bayanta. Shi kansa Alhaji tsoronta yake. Sai ya cire hula kafin ya shiga, babbar rigarsa ta cika gidan gaba, ya dafe ƙofa yana salati har mu isa. Saboda haka mota ta zama tasa a suna, tawa a hannu. Ranar da na fara hawa da ita hanyar Kibiya, na haye tudun nan na Kahu da ƙarfi, ina gangarowa sai ga shanu cike da titi. Na taka birki har taya ta yi ƙauri. Ban taɓa ko ɗaya ba, amma rurin injin ya tarwatsa garken, wasu suka faɗa gonar dawa, wasu suka nufi rafi. Kai kuwa ba ka gudu ba. Ka tako har gabana, ka ɗaga sanda, ka sauke ta a goshin motar. Lotsawar tana nan har yau, na shafa ta da hannuna jiya.

Ka ce, "Kai Kaɗo, uban wa ya ce ka sako mana wannan sa a kan hanya ba igiya?"

Na fito ina huci, na ce ka san ta wace ce kuwa? Ka ce ko ta wace ce, shanunka sun riga ta sanin wurin nan. Muka yi ta yi har mutane suka taru. Da muka gaji, kai ne ka kawo maganar hankali. Ka nuna mini wata tsamiya can ƙasan tudu ta wajen Rano, ka ce tudun nan yana ɓoye mota, mai tsallaka ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya iso kansa. Ka ce in na zo gindin tsamiyar in sa motar ta yi kuka da ƙarfi, kai ka ji, ka san abin da za ka yi da dabbobinka, ni kuma in hau a hankali. Dama dole direba ya sauko da giya a nan kafin ya kama hawa. Haka muka ƙulla, babu alƙali babu mai unguwa. Ina zuwa tsamiya sai in taka kuloci, in ba ta totur ta yi ruri, in sauko da giya. Kai kuma ka yi fito, shanu su ja su tsaya kamar an ɗaure su. In kuma kun riga kun hau titi, ka san da sauran lokacin da za ka kora su gaba ɗaya kafin in ɓullo.

Kai ka sa mata suna Rahaji, sunan jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, don ka ce launinsu ɗaya, baƙin halinsu ɗaya. Sunan ya bi ta har Alhaji da kansa yana cewa a fito da Rahaji. Abin da muka ƙulla mu biyu kuma ya zama na kowa. Matan ruga masu tallan nono, manoma masu kekuna, tsofaffi masu zuwa kasuwar Kibiya, duk wanda zai tsallaka a wurin nan da kunne yake tsallakawa. Mutum zai tsaya, ya karkata kai, ya saurari wajen tsamiya. In ƙarar tana can, da sauran lokaci. Direbobin haya ma suka ɗauka, kowa ya zo nan sai ya yi wa mutanen Kahu sallama da injinsa. Yara sun tashi sun tarar da abin haka, ba su ma san da faɗa aka fara shi ba.

Alherinka gare ni ba zai ƙirgu ba, amma zan faɗi abin da ya zo bakina. Wata damina na kafe da Rahaji a mashigin rafi, ruwa har ƙofa, ni kaɗai, ga hadari ya sake haɗuwa. Ka zo da bijimai biyu ka ɗaura mata igiya ka fisgo ta. Ba ka karɓi komai ba, sai dai ka yi shekaru kana yi mini gori, duk inda muka haɗu sai ka ce wa jama'a, "Ku tambayi Kaɗo ranar da Rahaji ta gaske ta ja ta ƙarya." Da uwar Huseina ta kwanta ciwon da ta daɗe a ciki, ba ta iya cin komai sai kindirmo, kullum ƙwarya tana isowa gidana daga rugarka, ban taɓa aikawa na roƙa ba. Ni ma ba zan ɓoye nawa ba tunda kai ba ka taɓa ɓoye shi ba. Ranar da naƙuda ta tsananta wa matarka Fanta, a cikin Rahaji na kai ta Rano, kai kana naɗe a ɗan lungun baya, gwiwoyinka a haɓarka, kana ce mini, "Yau kam sake mata igiya, Kaɗo." Yaron da aka haifa ranar shi ne Shitu, wanda ya tsaya a gaban gawarka.

Ranar kyautar ma a rugarka muke. Alhaji Saminu ya tsufa, ya je duba shanunsa da kake masa kiwo. Muna zaune a tabarma, an kawo fura, sai ya dubi motar a inda na ajiye ta, ya ce, "Ramalan, abar nan ba ta jin maganar kowa sai taka. Na ba ka ita. In na kwanta dama ka ɗauki abarka. Haliru, ka shaida." Ka ce ka shaida. Da ya rasu na je wa babban ɗansa, Alhaji Salahuddeen, da maganar. Ya ce ina takarda. Na ce mahaifinka bai saba da takarda tsakaninsa da ni ba. Ya ce ina shaidu. Ka tako da ƙafa daga Kahu har Rano don ka faɗi abin da kunnenka ya ji, aka bar ka a zaure tun hantsi har azahar, sannan aka aiko yaro ya ce shaidar aboki ga aboki ba ta karɓuwa. Washegari ka koro shanun gidan gaba ɗaya, har da maruƙan da aka haifa a hannunka, ka tsayar da su a ƙofar gidan, ka ce ba za ka yi kiwon dukiyar wanda ya ƙaryata ka ba. Ka yi asarar nonon da kake samu saboda ni. Da aka sallame ni daga aiki, ka ware karsana a garkenka ka ce ta Ramalan ce. Da zuriyarta na aurar da 'ya'yana.

Ita kuwa Rahaji aka tura ta gareji, aka lulluɓe da tamfol, aka sa kwaɗo. Ba su hau ba, ba su sayar ba, ba su ba ni ba. Ɓeraye suka samu gida.

Da girma ya zo, yana ta rufe maka ido. Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma ba ka daina fita da shanu ba, kuma babu wanda ya taɓa riƙe maka sanda a burtalin nan. Kana tsaye za ka ce wannan tifa ce ta ɗauko yashi, wannan a-kori-kura ce ba kaya, wannan babur ne mai goyo biyu. Jikokinka sukan yi musu da kai don wasa, in abin ya ɓullo kan tudu su fashe da dariya. Duk shekarun nan ko akuya ba a taɓa buge maka ba. Wannan shi ne mutumin da ake cewa ya rikice.

Yanzu bari in zo kan ɗayar motar, don mutane su san abin da ake magana a kai. Adnan, ɗan Alhaji Salahuddeen, shi ya dawo da ita daga inda ya yi karatu. Ba ta shan mai. Wuta take sha, an kafa mata faifan sola cike da rufin gidan, ana jona mata igiya kamar waya. Sai ya ga bai isa a ce yana da ita ba, sai ya nuna wa duniya ta fi ta kakansa. Aka ɗauko makanikai daga Kano suka buɗe garejin nan, suka kori ɓeraye, suka wanke kafireta, suka sa sababbin fulogi da batir. Ina zaune a ƙofar gidana a Yalwa na ji ta tashi. Haliru, na san muryar nan kamar yadda ka san kukan kowace saniyarka. Ƙafafuna suka kai ni gidan da na rantse ba zan ƙara takawa ba.

Na tarar an jera motocin biyu a tsakar gida, samari na zagaye da wayoyi. Adnan ya gan ni ya ce, "Yawwa, ga Baba Ramalan! Baba, zo ka tsaya kusa da tsohuwarka a ɗauke ku tare, tsoho da tsohuwa." Na ce ni ba kayan kallo ba ne. Ya yi dariya, ya ce to in shigo sabuwar in ji yadda duniya ta koma. Na shiga, don kada a ce tsoro na ji.

Zan faɗi gaskiya ko a kan abin da na tsana. Motar nan tana da gudu irin wanda ban taɓa gani ba. Rahaji sai ka lallashe ta. Ka ɗumama ta da safe, ka saurari numfashinta, ka ba ta giya ɗaya ta yi ƙara, ka ba ta ta biyu ta miƙe, sai a ta uku take nuna maka ko ita wace ce. Kafin ta kai ƙarshen ƙarfinta ta gaya wa gari guda tana zuwa. Sitiyarinta yana da nauyi, kana jin kowane dutse a tafin hannunka, ƙaurin mai da zafin inji suna shigo maka, in ka yi mata ganganci ta watsa maka ƙasa a ido a kwana. Mai tuƙa ta ba ya mantawa da cewa abin da ke ƙarƙashinsa zai iya kisa. Wannan kuwa babu giya, babu kuloci, babu salansa. Wani allo ne a gaba kamar talabijin, sanyi na busowa, kujera kamar gadon amarya. Yaron ya ɗora ƙafa kawai, sai na ji ƙeyata ta bugi kujera, cikina ya koma baya, bishiyoyi suka zama zane. Ba ta yi tari ba, ba ta yi nishi ba. Ko jaririn da ke barci ba za ta tasa ba. Mutum yana ciki bai san gudu yake ba sai ya dubi lamba.

Da muka tsaya ya ce, "Baba, yaya ka gani?"

Na ce, "Ta fi Rahaji sauri, ban musa ba. Amma motarka ba ta sallama. Abin da zai shigo wa mutane da wannan ƙarfi bai yi gyaran murya ba, ba baƙon arziki ba ne."

Ya ce, "Ai Baba, shirun nan shi ake saya."

Na tambaye shi ina za su yi gwajin nasu. Ya ce in bari sai na gani a waya. Samari suka yi dariya, na kama hanyar gida. Ba a gaya mini hanyar Kibiya za a bi ba. Da an gaya mini, da a kan kwaltar za su tarar da ni a kwance.

Abin da ya faru ranar Asabar daga bakin Fanta na ji shi, ita da take bayanka da ƙwarya a ka, kuma ta maimaita shi a gaban mutane ba ta canja ko kalma ba. Damina ce, gonaki sun rufe ko'ina, babu inda shanu za su bi sai burtali. Kun taso daga mashaya kun iso bakin titi. A can wajen Rano an saki motoci biyu a tare, makanike baƙo a cikin Rahaji, samari biyu a cikin sabuwar. Kafin Rahaji ta shiga giya ta uku, ɗayar ta yi mata nisa. Da baƙon ya iso gindin tsamiya ya sauko da giya, kamar yadda kowane direba zai yi, sai ta saki rurin nan da ba a ji ba shekara da shekaru.

Fanta ta ce ka tsaya cak. Ka karkata kai. Sai fuskarka ta washe, ka ce, "Fanta, kin ji? Rahaji ce. Wallahi sun ba wa Kaɗo motarsa!"

Ka yi fito, shanu suka tsaya. Ka ce mata ta kula da su, motar tana gindin tsamiya, da sauran lokaci, za ka tsallaka ɗaya hannun inda na saba tsayawa in sha nono, don in tarar da kai a bakin taga. Ka ɗaga sanda sama kana dariya, ka hau titi. Lissafinka daidai ne, Haliru. Rahaji tana inda ka ce. Da ita kaɗai ce a kan hanyar, da ka tsallaka ka gyara tsayuwa har ka gaji da jira. Abin da ba ka sani ba, akwai wata a gabanta wadda ta riga ta haye tudun, ɗan shuu ɗin tayarta ma rurin Rahaji ya danne shi. Fanta ta ce ita mai ido ba ta gan ta ba sai da ta ga sandarka a sama.

To, masu cewa ka rikice, su amsa mini wannan. Wane rikitaccen tsoho ne yake tsayar da garke guda da fito ɗaya kafin ya taka titi? Ko kofaton saniya ɗaya bai hau kwalta ba. Wane rikitacce ne yake gane mota da muryarta bayan shekara ashirin, ya kuma faɗi inda take? Ba hankalinka ne ya gaza ba. Ka yi abin da duk mutumin Kahu yake yi tun kafin a haifi wanda ya buge ka. Su ne suka sako abin da ba ya magana a gaba, suka sa mai magana a baya, a kan hanyar da mutane ke tsallakawa da kunne, don a ɗauka a waya a yi dariya.

Sabuwar motar ta tsaya can gaba, baƙin gilashinta a rufe. Ba wanda ya fito. Jim kaɗan ta ja ta tafi, shiru kamar yadda ta zo. Baƙon makaniken nan, Allah ya saka masa da alheri, shi ya tsaya ya ɗauke ka. Aka sa ka a Rahaji, Fanta ta rungume ka a kujerar da ta taɓa zama da cikin Shitu, aka juyo Rano. Ta ce ka buɗe baki sau ɗaya a hanya, lokacin da ya canja giya motar ta yi ƙara. Ka ce, "Wannan ba hannun Kaɗo ba ne." Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ka tafi kana neman hannuna, Haliru. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Tun ranar ake ta sintiri a rugarka. Masu shiga tsakani sun zo da buhunan shinkafa da manyan riguna, suna cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah, dama tsohon ba ya gani. Na tambaye su a gaban kowa, su biyu ne a motar, Adnan da abokinsa na birni, wanne ne a kan sitiyari? Wannan ya dubi wancan. Ɗaya ya ce ba lokacin wannan maganar ba ne. Na ce ina hoton da aka ɗauka, tunda don shi aka yi tseren? Aka ce wayar ta lalace. Wayoyi sun fi goma a tsakar gidan nan, duk rana ɗaya suka lalace. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na zauna gaban malamai na ji cewa wanda ya kashe rai bisa kuskure addini bai rufe masa ƙofa ba. Zai fito ya ce ni ne, ya yi azumin kaffara, ya durƙusa gaban iyalan mamaci su yafe ko su karɓi haƙƙinsu. Amma yaya za a yafe wa wanda ba shi da suna? Fanta ta yafe wa wa? Gilashi?

Sai ga abin da ya sa na ce a kira mini Huseina da alƙalami. Bayan sadakar bakwai, wani daga gidan su Adnan ya yi mini sallama, ya miƙo mini mukulli. Ya ce Alhaji Salahuddeen yana gaishe ni, ya ce ya tuna maganar mahaifinsa, in je in ɗauki motata. Shekara ashirin da ɗoriya bai tuna ba. Ka tako da ƙafa ka zauna a zaurensa bai tuna ba. Sai da aka kashe mai shaidata sannan shaidarsa ta karɓu. Na san abin da ake so a saya, bakin tsohon nan mai surutu ne.

Na karɓa. Na ji ana raɗa a gari wai an toshe wa Ramalan baki da jar mota. Masu raɗar su kasa kunne da hantsi. Na karɓa ne don tawa ce tun ranar da aka sha fura a rugarka, ba alfarma aka yi mini ba. Na sa Shitu ya kai ɗan maraƙi kasuwa daga zuriyar karsanar da ka ba ni, na cika tanki. Jiya na tuƙa ta da hannuna, na tsayar da ita a ƙofar gidan, hancinta na kallon zauren da aka bar ka a ciki. Na taka kuloci, na ba ta totur, ta yi rurin gindin tsamiya har tagogi suka amsa. Maigadi ya fito ya ce Alhaji yana hutawa. Na ce ai shi ya sa. Yau ma na koma. Gobe ma in Allah ya kai mu ina nan. In mai ya ƙare akwai sauran shanu, kuma na san ba za ka ji haushin inda suka tafi ba.

Iyalinka suna da ikon yafewa, jininsu ne, ba zan hana su lada ba. Ni dai ban yafe ba. Wanda ya buge ka ya ƙi buɗe ƙofa, da wanda ya ɓoye shi, da wanda ya fara cewa ka rikice, Allah ya isa tsakanina da su. Tunda shiru suka saya, Allah ya hana su shi. Allah ya sa rurin nan ya bi su ɗaki, ya bi su masallaci, ya bi su duk ƙasar da za a tura yaron ya ɓuya, har ranar da za su buɗe baki.

Kai kuwa Haliru, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata maka kabari ya haskaka shi fiye da hasken da ka rasa a duniya. Yadda ka tsaya wa gaskiya aka wulaƙanta ka a kanta, Allah ya tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani. Ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ka shayar da marar lafiyar gidana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Fanta, wadda ta ga abin da ido bai kamata ya gani ba, Allah ya sanyaya mata zuciya. Ina kuma miƙa ta ga Shitu da ƙanwarsa Mas'uda da jikoki, da jama'ar rugar Kahu baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da ya bari. Ku kuma ja wa yara kunne, daga yau a burtalin nan a duba da ido, zamanin sallama ya wuce.

Saura kai, Alhaji Salahuddeen. Na goya ka a kafaɗata kana yaro, na sa ka a cinyata ka riƙe sitiyarin motar nan, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Maganar mota ta mutu, ba na binka komai a kanta. Tambaya ɗaya ta rage, kuma ba zan karɓi "a yi haƙuri" ba, na ƙoshi da ita. Kada ka aiko maigadi, kada ka aiko mai babbar riga. Gobe da hantsi za ka ji ni a ƙofarka. Ka fito da ƙafarka, ka tsaya a bakin tagar da Haliru ya so ya tsaya, ka dube ni ka faɗa mini: wa ke riƙe da sitiyari?